Fawar da Injiniya Ya Yi wa Kwamfutata

A shekarar da na gama bautar ƙasa na koma ƙauyenmu kusa da Zakirai, ina taya Baba noman gero da gyaɗa, ina kuma neman aikin koyarwa. Muna tsakiyar noman maimai wata makaranta ta birni ta gayyace ni ganawa ta intanet, ranar Laraba da hantsi. Malamin Hausa ɗaya tak suke nema.

Garinmu babu lantarki, sai shagon cajin ɗan kawuna mai farantan hasken rana. Injiniya ake kiransa, ko da yake iliminsa bai wuce sauya bakin caja ba, kuma ba ya kammala jimla sai ya cusa mata Turancin da bai san ma'anarsa ba. Ran Talata na kai masa kwamfutata caji. Da na je karɓa, ya ce ya yi mini wani gyara kyauta, wai ya kunna "fawa sebin" ko'ina, batirin ya daina saurin ƙarewa. Na ce masa a Hausa fawa sana'ar mahauta ce, abin da yake nufi tattalin wuta ne.

"To, Farfesa," in ji shi, "je ka da tattalinka."

Na gyara masa kalma, amma ban tambaye shi abin da ya taɓa ba.

Ran Laraba na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar bayan gida, inda sabis ya fi ƙarfi. Kyamarar wayata ta fashe tun bara, don haka na jona kwamfutar da intanet ɗin wayar. Mutum uku suka bayyana a allon kwamfutar. Shugabar tasu ta tambaye ni yadda zan koya wa ɗalibai tsawon wasali. Tambaya ce da zan amsa ko daga barci aka tashe ni. Ina cikin kawo misali na biyu fuskokinsu suka daskare, haɗin ya katse, alhali sabis cike yake a wayar. Na sake haɗawa, ya sake katsewa. A karo na uku shugabar ta ce akwai wasu suna jira, ta yi mini fatan alheri.

Bayan azahar na zauna bincike. Akwai ɗan ƙaramin kati a cikin kwamfuta da ke kama intanet. A saitinsa na tarar an ba kwamfutar izinin kashe shi don rage cin wuta, an kuma kai tattalin ƙarshensa muddin tana kan batiri. Na cire alamar izinin, na mayar da saitin yadda yake a da. Har aka kira la'asar haɗin bai ko girgiza ba.

Na sami Injiniya a shago, masu karɓar waya kewaye da shi. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ɗora laifin a kan hadari, sannan a kan kamfanin waya, sannan ya dube ni.

"Tsakani da Allah, Farfesa, batirin ya mutu?"

Na ce bai mutu ba, ya ma fi rabi.

"Kun ji da bakinsa," ya ce wa jama'a, suka gyaɗa kai.

Daga ranar na daina gyara masa wannan kalmar. Fawa ya ce ya yi, fawar kuwa ya yi. Washegari na saɓa fartanya na bi Baba gona, akwai sauran kunyoyin gyaɗa da ba mu taɓa ba.