Daɓen da Na Lalata da Hannuna

Mijina, Allah ya jiƙansa, baduku ne, kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin ya jefar da wani abu ba. A zangon Sokode, inda aka ɗaura mana aure, in ƙwarya ta fashe a gidanmu ba a kiran gyartai, shi zai zauna ya ɗinke ta. Fitilarmu gwangwanin sardin ce, lagwaninta kuwa bakin tsohon rawaninsa. Takalminsa ya sha faci har ƙannena kan tambaye shi wane ɓangare ne na asali. Shi ko a jikinsa, sai ya ɗaga ƙafa ya nuna musu igiyar.

A shekarun da Turawa ke yaƙinsu, kananzir da yadi suka yi wuya, fata ma ta yi tsada a Sokode. Sai ya ce mu hau arewa, Dapaong, wadda muke kira Dapango a lokacin, inda awaki suka fi yawa. Muka yi kwana biyu a bayan babbar mota, bisa buhunan gishiri, ni da cikin fari na wata huɗu. Innata ta raka mu bakin hanya tana ta nanata mini abu ɗaya: "Ki nemi mata. Ranar haihuwa ba miji ake nema ba."

To, ina zan same su? Ya sami fili a ƙarshen zango, ya gina mana ɗaki biyu da hannunsa, ya yi jinka, ya sassaƙa ƙyaure. Matan unguwa sun zo sannu da zuwa sau ɗaya, suka koma. A wurinmu mace da aro take shiga gidan mace: yau rariya, gobe muciya, jibi a ɗebo wuta a tsaya hira. Ni kuwa wannan bawan Allah bai bar ni da rashin komai ba. In ce rariyata ta huje, kafin in ɗaura kallabi ya toshe ta. In ce taɓarya ta tsage, ya naɗe ta da ɗanyar fata. Wuta ma ba ta mutuwa, ya koya mini yadda ake binne garwashi a toka ya kai gobe. Wata uku ina cikin garin nan, ba wadda ta san ko ina raye. Wallahi tsoro nake ji. In na tuna ranar da naƙuda za ta zo ba kowa a kaina sai baduku da basillarsa, sai in zauna bayan ɗaki in yi kukana in share.

Abu ɗaya ya rage a gidan, daɓe. Shi kuwa daɓe aikin mata ne. Ana gayya, su zo da madaɓansu, a zuba tsakuwa, a yi ta bugu ana waƙa ana yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ke kama ƙasa ta yi tauri. Matar gidan kuma ta tuƙa tuwo, ta dama fura, a raba goro. Wadda ta yi miki daɓe ta shiga ɗakinki ke nan, ba ta ƙara yin sallama daga ƙofar gida.

Na ce, "Malam, sai a yi gayyar daɓe."

Ya ce, "Mata ashirin? Kin san tuwon da mata ashirin za su ci? Bugun ƙasa ne fa. Ina da hannu."

Na ce, "Namiji da madaɓi? A ji mu a gari?"

"Sai a rufe ƙyaure."

Haka kuwa aka yi. Ya sassaƙa madaɓi da guntun icen da ya rage daga ƙyauren, ya tsinto ɓawon ɗorawa cike da buhu a hanyar Bombouaka, ya ce ni in jiƙa a tulu kwana uku. Na dubi buhun, na dubi cikina. Na kai ɓawon bayan murhu na yi ta hura wuta da shi. Sannan na shiga inda yake aiki, na zari karan dafin da yake rina jar fata da shi, na dafa da 'yar kanwa. Ruwa ya fito ja wur har ya yi duhu, in ba ka sani ba ka rantse makuba ce. Sai dai ba abin da yake kamawa, launi ne kawai.

Kwana biyu mutumin nan yana durƙushe yana bugu, gumi na zuba, ni ina yayyafa masa ruwan rini da tsintsiya ina cewa sannu. Har waƙar daɓe ya gwada, da muryar nan tasa, awakin maƙwabta suka amsa. Na ji tausayinsa, ba na ɓoyewa, amma ban fasa ba. Da ya gama ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce ko falon kumandan, Baturen da ke mulkin garin, da simintinsa bai fi wannan ba.

Mako guda daɓe ya fara tashi. In na yi shara sai in kwashe rabin ɗaki a bakin tsintsiya. Ƙafar gado ta nutse. Ya tsuguna ya murtsuke ƙasar a yatsunsa, ya daɗe yana dubanta. Can ya ce, "Ƙasar garin nan ba irin ta Sokode ba ce. Sai 'yan gari." Ya fita. Da la'asar sai ga shi da gero a ka da ƙullin goro, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa.

Ranar gayya mata suka cika gidan, na zango da na cikin gari. Shugabarsu wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Moba, siririya, mai baƙin lofe a baki, wadda ta koyi Hausa a kasuwa. Ta kankari tsohon daɓen da farce, ta sansana, ta dube ni, ta dubi cikina. Ta ce, "Kai, yarinya, wa ya jiƙa wannan makuba?" Na sunkuyar da kai. Ta yi dariya har lofen ya faɗi, ta ɗauka ta mayar da shi baki. Suka fasa na Malam, suka zuba sabuwar tsakuwa, aka jera gwiwoyi, madaɓai suka ɗauka tare. Suna waƙa da Moba, na zango na amsawa da Hausa, aka saka mijina a ciki, baduku mai daɓe a ɗaka. Yana zaure yana ji. Ni an hana ni ɗaga ko ludayi. Kafin magariba an ci tuwo tas, wata ta tafi da rariyata aro, wata ta ce gobe in aiko a karɓi daddawa.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, ran kasuwa, Malam yana can da fatunsa. Ƙara ɗaya na yi, ta gidan kusa ta ji. Yaron ya zo a juye, aka sha wuya. Tsohuwar nan ce ta tsuguna a kan daɓen da ta buga, ta yi ta juya shi da hannu tana zagina da yarenta don kada in suma, mata huɗu na riƙe da ni. Da ni kaɗai ce a ɗakin, da ba ni ke ba da labarin nan ba.

Shekara talatin da wani abu ban gaya masa ba. Sai da ya tsufa, idonsa ya daina ganin kafar allura, wata rana muna zaune a tsakar gida ina tsince masa zare, na ce bari in sauke nauyi. Na ba shi labari tun daga buhun ɗorawa.

Ya bar ni na kai ƙarshe. Ya ce, "Ke yanzu, ni da nake gane in an taɓa mini zare ɗaya, kina tsammani ban ga an rage mini karan dafi ba? Hannuna ya yi sati yana ja."

Na ce, "To don me ka yi ta bugu kwana biyu?"

"Na riga na ce ina da hannu. Kuma ina jin kukanki a bayan ɗaki, ban san yadda ake ɗinke shi ba." Ya laluba ya karɓi zaren daga hannuna. "Abin da ya dame ni, kin zuba da yawa. Rabinsa ma ya isa."