Goggo Verdell, Mai Rufe wa Sanatoci Baki

Jama'a, a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Verdell Pettiford, sarauniyar hoda ta birnin Washington, gwanar goge gumin manya, mace ɗaya tilo a ƙasar nan da take ce wa sanata "rufe bakinka" ya rufe, har ya ce ya gode. Ƙanwar ubana ce. Ni kuwa sunana Lamont, wanda ya shiga kwaleji ta ƙofa ya fita ta taga kafin shekara ta zagayo, don haka in kun ga rubutun ya karkace, haka mai shi yake.

A hayin kogin Anacostia aka haifi Goggo, inda aka haife mu duka. Ba a gidan talabijin ta koyi kwalliya ba. A gidan shirya gawa na unguwarmu ta fara, tana budurwa, tana gyara wa mamata fuska kafin dangi su zo kallon ƙarshe. In ka tambaye ta bambancin aikin da da na yanzu, sai ta ce, "Waɗancan ba sa motsi, kuma ba sa ƙarya." Daga can wata mata ta kai ta gidan talabijin, ta yi shekara talatin da wani abu a ɗaki ɗaya, gaban madubi ɗaya mai kewaye da ƙwayayen fitila. Tun ranar da ta fara ba ta ƙara zuwa coci da safe ba, sai addu'ar yamma, domin safiyar Lahadi ta 'yan siyasa ce.

Kowa ya san yadda suke yi. Mutum ya zuba kwat da taye tun kafin gari ya waye, ya shiga baƙar mota, ya bi gidajen talabijin ɗaya bayan ɗaya kamar mai rabon katin biki. A kowane gida a zaunar da shi, a shafa masa hoda, a kunna masa fitila, a yi masa tambaya, shi kuma ya ba da amsar da ya haddace tun daren Juma'a, ko ta dace da tambayar ko ba ta dace ba. Na san wannan ciki da bai, domin ni ne direban baƙar motar. Kamfanin haya nake wa aiki, har sai ranar da suka gane ni.

Goggo tana da dokarta a ɗakin nan. Ba ta ɗora hodarta a kan hodar wani gida. Ko shugaban majalisa ne, sai ta goge ta wanke ta fara daga fatar da uwarsa ta haife shi da ita. Kuma in ta zo kewayen leɓe, dole ka rufe baki ka rufe ido, in ba haka ba ka haɗiyi gari. Gidan ma yana da tasa dokar: mai kwalliya ba ta yi wa baƙo maganar siyasa. Gaisuwa, yanayin gari, wasan ƙwallon jiya, shi ke nan. An taɓa korar wata saboda ta tambayi wani minista abin da ya sa kuɗin haya ya tashi. Goggo ta bi dokar nan tsawon shekarun nan, kuma da wannan aikin take riƙe gida, domin mijinta Baba Otis ya daɗe da ajiye tuƙin bas. Ƙodarsa ta gaza, sai da wankin ƙoda a asibiti.

Bara aka zartar da wata doka ta rage kashe kuɗi, ɗan asibitin wankin ƙoda na hayinmu ya rufe. Da, Baba Otis da sandarsa yake takawa. Yanzu sai ya hau bas, ya sauka, ya jira wata, ya haye gada, ya dawo da yamma yana tangaɗi kamar wanda aka zare wa ƙashi. Mu kuwa 'yan birnin nan ba mu da sanatan da za mu kai wa kuka, domin babban birnin ƙasa ba jiha ba ne. Muna dai goge musu fuska, mu tuƙa su, mu share musu ofis.

Wanda ya kawo dokar shi ne Sanata Dorrance Whitlock, wani dogo mai farin gashi da haƙora kamar an jera tayil. Ranar Asabar aka ce ni zan ɗauke shi gobe, gidajen talabijin biyar, na huɗu inda Goggo take aiki. Da na je cin fuka-fukan kaza a wurinta da yamma, bakina da ba ya riƙe komai ya faɗa mata.

Ta ajiye cokali. "Whitlock?"

"Shi. Goggo, kar ki kalle ni haka. Ki shafa masa ya tafi."

"Wa ya ce zan yi wani abu?"

"Idonki ya ce. Za su kore ki, wa zai sayi maganin Baba?"

Baba Otis daga kujerarsa ya ce, "Verdell, ƙyale mutumin nan. Bas ɗin ba ta kashe ni ba tukuna."

"Tukuna," in ji ta, ta miƙa mini kwano. "Kai kuma ci ka tashi, kana da sammako."

Da safe na ɗauko shi da yaron ofishinsa Bryce, wani siriri mai waya biyu da bai taɓa ce mini sannu ba. A gida na farko aka tambaye shi batun asibitocin da suka rufe, ina mota ina kallo a wayata. Ya yi murmushi ya ɗaga yatsa ya ce, "Babu mutum ɗaya da ya rasa kulawar likita saboda dokar nan." A gida na biyu, tambaya daban, amsa iri ɗaya, har ɗaga yatsan. A na uku ina faɗa tare da shi, na riga shi kaiwa ƙarshe.

Muka isa na huɗu a makare. Na ce zan shiga bayi, na bi bayansu na tsaya a bakin ƙofar ɗakin kwalliya.

Bryce ya ce, "Madam, ki ɗan taɓa masa a sama kawai, lokaci ya ƙure."

"Ɗana, hoda hawa uku ce a fuskar nan. In ya yi dariya sai ta tsage. Matsa mini."

Sanata ya yi dariyar manya ya zauna. "Verdell ke nan, ba a jayayya da ita. Ya maigida?"

"Zan gaya maka," in ji ta.

Ta ɗaura masa ƙyalle a wuya, ta goge fuskar tas. Ban taɓa ganinsa haka ba: tsoho ne kawai mai jajayen ɗige-ɗige a hanci. Ta shafa mai, ta ɗauki babban burushi ta tsoma a hoda.

"Rufe ido. Rufe bakinka, Sanata."

Ya rufe. Goggo ta fara aiki a kewayen leɓensa a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa kamar tana ba shi labarin ruwan sama.

"Ka tambayi maigida. Sunansa Otis. Shekara ashirin da bakwai yana tuƙa bas ɗin da masu share ofishinka suke hawa. Asibitin wankin ƙodarsa ya rufe da dokarka. Kar ka buɗe, za ka haɗiya. Makon jiya bas ta biyu ba ta zo ba, ya zauna a benci cikin sanyi har lokacinsa ya wuce, ya dawo gida ƙafafu sun kumbura, sai da na yanka takalmin. Maƙwabciyarmu Misis Tolliver ta gaji da haye gadar, ta daina zuwa. Ni na yi mata kwalliyar ƙarshe, ban manta aikin ba. Ɗaga haɓa."

Ya ɗaga, na rantse ya ɗaga.

"Madam, wannan ya saɓa wa doka," in ji Bryce. "Zan kira shugabar shiri."

"Kira ta, ɗana. Ofishinta na hannun dama." Ba ta ko kalle shi ba. "Sanata, na ji ka a gida uku yau. Ka je ka faɗa a na huɗu, ban hana ka ba. Amma ka faɗa kana sane da sunan Otis. Kana iya buɗe ido."

Ya buɗe. Fuskar nan ta yi kyau, ko ɗigon gumi babu, domin Goggo ba ta ɓata aiki ko don fushi. Ya buɗe baki, sai wata yarinya mai na'ura a kunne ta leƙo ta ce ana jiransa yanzu-yanzu. Ya tashi, ƙyallen na rataye a wuyansa, sai da Goggo ta fizge shi.

Ya shiga, aka tambaye shi, ya faɗi maganarsa cif-cif, da murmushi da yatsa, da hodar Goggo a fuska. Kafin ya fito shugabar shiri ta zo, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma doka doka ce, kar Goggo ta zo Lahadi mai zuwa. Goggo ta ce dama tana da wurin zuwa. Ta wanke kayan kwalliyarta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta jera a jaka.

Muka koma mota. Na so in kunna waƙar coci don mugunta, na tuna ina son aikina zuwa ƙarshen wata. A gida na biyar aka sake tambayarsa. Ya ɗaga yatsa, sannan ya ce, "Kusan babu wanda ya rasa kulawar likita." Ina mota na daki sitiyari har hon ya yi ƙara.

Ina ajiye su na ɗauki tsohuwar motata na haye gada a guje. Na tarar da ita a ɗakin girki tana tsinke ganye, ta riga ta fito da hularta mai furanni ta zuwa cocin safe ta rataye don Lahadi mai zuwa. Na tsaya a ƙofa na ware hannuwa.

"Goggo! Kin ji kuwa? Ya ce kusan! A gaban duk ƙasa! Shekara talatin 'yan jarida masu digiri sun kasa, ke da burushi ɗaya kin lanƙwasa harshen sanata. Ya kamata a kafa gunkinki a bakin majalisa, da gwangwanin hoda a hannu, yaran makaranta su riƙa zuwa ɗaukar hoto!"

Ba ta ɗago kai daga ganyen ba.

"Kusan ba za ta kai Otis asibiti ba. Gobe yana da wanki, ka zo da motarka da wuri. Kuma ka goge ƙafa kafin ka shigo mini."