Ranar da Ustad Shamroz Ya Ce a Sayi Sabo

Shekara ashirin da biyu ke nan ina dafa ruwan rake a rumfar mazarƙwailar gidan Mir Alam, nan ƙauyenmu gabas da Carsadda. A duk tsawon lokacin nan mutum ɗaya ne ke taɓa injinmu in ya sami matsala, wato Ustad Shamroz, mijin yayata Tajbara. A wajenmu gwanin sana'a ake kira Ustad. Ni Lala nake ce masa, yadda muke kiran babban wa. Shi kuwa bai cika kirana da sunana Zarwali ba, sai dai Mai Ludayi, wai don aikina bai wuce juya kasko da kwashe kumfa ba.

Mahaifinsa mai kora shanu ne, tun zamanin da shanu ke juya injin matse rake. Shamroz yana da shekara goma sha takwas ya sami aikin shara a wani babban kamfanin sukari, daga shara ya koma wanke ƙarafa, daga nan ya zama makaniki. Ya yi shekara goma sha huɗu a can. Abin da ya fitar da shi, wani sabon manaja ne ya ce a jefar da wani famfon ruwa a sayo sabo, Shamroz ya ce famfon lafiyarsa lau, roba ɗaya ce ta cinye. Suka yi ta ja har ya ajiye aiki. Ya bi masu sayen tsofaffin ƙarafa ya sayi famfon nan, ya gyara, ya kafa shi a masallacinmu. Da shi muke alwala har yau.

Tun daga nan ya buɗe rumfarsa a bakin titi, kuma kowa ya san halinsa. Ba ya yar da komai. Butar shayinsa sau uku ana yi wa hannunta walda. Tabaransa da wayar tagulla yake ɗaure. Kekensa kuwa, in ka cire ƙararrawa, babu wani abu a jikinsa da ya zo da shi daga kamfani. In ka kai masa abu ka ce ya mutu, sai ya dube ka ta saman tabarau ya tambaye ka wa ya yi masa sallah.

Injin namu babba ne, ba irin na ƙananan rumfuna ba. Wani inji ne na lantarki da muke kira mota ke gudu kamar iska, sai giyabos ya karɓi gudun ya mayar da shi ƙarfi, ya juya manyan ƙarafan nan uku masu matse rake a hankali. Giyabos ɗin ya kai girman akwatin amarya, kuma sai ƙarti shida suke iya ɗaga shi. Marigayi Mir Alam ya sayo shi na hannu daga wani kamfanin da ya rufe, tun kafin a haifi ɗansa Naimat, wanda shi ke riƙe da rumfar yanzu bayan ya dawo daga tuƙin kuren, injin ɗaga kaya masu nauyi, a Katar.

A sati na biyar da fara matsa, ranar wata Talata da hantsi, ina kan kasko na biyu sai na ji wani ƙas, sannan gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Kafin a kashe wuta har baƙin mai ya fara bin ƙasa. A tsakar rumfa akwai raken da aka sare wajen amalanke talatin, wasu na manoma ne da suka kawo tun jiya. Rake kuwa in an sare shi ba ya jira, kwana uku zuwa huɗu ya fara tsami.

Aka aika wa Ustad. Ya zo a kan kekensa, bai yi sauri ba. Ya sha shayi tukuna, sannan ya sa aka shimfiɗa buhuna, ya kwance murfin giyabos ɗin. Ya riƙa fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana wanke su da kananzir yana jerawa. Babbar giyar ta zubar da haƙora uku. Boris ɗaya, zoben nan da sanda ke juyawa a cikinsa, ya farfashe, sai tsintar ƙwayoyinsa ake yi a cikin mai. Duk wannan bai dame mu ba, mun sha ganin ya tayar da abin da ya fi haka lalacewa. Manoma ma har sun fara tambayar ko da la'asar za a ci gaba.

Naimat ne ya fara magana. Ya ce ko nawa gyaran zai ci a yi, shi dai ba ya son jin zancen sabo. Na yanzu duk gwangwani ne, in ji shi, wannan kuwa ƙarfen da ne, kuma hannun babansa na jikinsa. Ni na ɗauka Lala zai rungume shi don murna. Amma sai ya jawo tsumma. Ya shiga goge jikin akwatin giyabos ɗin daga ciki, ya shafa masa kananzir, ya goge da tsumma har ya bushe, sannan ya niƙa alli ya barbaɗa. Muka tsaya muna kallo. Can sai ga wani siririn layi baƙi ya fito a cikin farin allin, ya taso daga mazaunin boris ya gangara har ƙafar akwatin. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar ne ke dawowa.

Ya miƙa wa Naimat ƙaramar guduma ya ce ya buga wancan gefen. Ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo. Ya ce ya buga wannan gefen. Sai ya yi wani dum kamar an buga tulun da ya fashe.

"Ka ji da kunnenka, ɗana," in ji Ustad. "Ka sayi sabo."

Babu wanda ya yi motsi. Ni har ludayina na ajiye.

Naimat ya ce, "Ustad, kai ne fa. Kai za ka ce ba ka iya gyara shi ba?"

"Wa ya ce ban iya ba? Haƙora zan iya sa a yanko mini sababbi a garin Gujranwala, sati uku. Boris yana kasuwa. Amma akwatin nan sau uku ina yi masa walda, biyu a gaban babanka. Irin ƙarfen nan na zubi ba ya son wuta, duk inda ka like sai ya nemi wani wurin ya tsage. In na gyara zai kai ka wata ɗaya, ya sake tsayawa ranar da rakenka ya fi na yau yawa. Babanka don ya matse rake ya saye shi, ba don a riƙa tunawa da shi ba."

Naimat ya zagaya bayan rumfa ya daɗe. Da ya dawo idonsa ya ɗan yi ja, amma ya ce to, sai dai da sharaɗi ɗaya, Ustad ne zai je ya zaɓo da hannunsa.

Kafin azahar labari ya gama ƙauye. Mai shayi ya rufe shagonsa ya zo ya ji da kansa. Liman ya tsaya a hanyarsa ta masallaci ya tambaya ko gaskiya ne. Ni kuma na matsa kusa na taɓa goshin Lala, na ce ko dai zazzaɓi ne, a kira likita. Ya ce in koma kan kaskona kafin ya yi mini walda a baki. Da ya koma gida cin abinci sai ya tarar yayata ta fito da fankarsu ta ajiye a ƙofar gida. Fankar nan tun ta aurensu ce, sai an tura ta da kara take tashi. Tajbara ta aiko masa daga ciki cewa ta ji an ce yanzu ya fara yarda abu na mutuwa, to ga wata gawar nan ya haɗa.

Sai dai raken da ke ƙasa bai bar shi ya huta ba. Da yamma ya dawo da injin walda, ya cike gurbin haƙoran nan uku, ya zauna da zarto yana gyara su har suka yi kama da 'yan'uwansu. Ya sa wani tsohon boris daga tarkacensa, ya ɗaure akwatin da ɗamarar ƙarfe. Ya ce wannan ba gyara ba ne, lallaɓawa ce ta kwana biyu, kada wanda ya je ya ce Shamroz ya gyara. Ya hana a cusa rake fiye da kara huɗu a lokaci ɗaya. Ni kuma ya ɗora mini aiki: duk bayan kasko ɗaya in ɗora tafin hannuna a kan akwatin in ƙirga goma, in zafi ya hana ni kaiwa goma a kashe a jira ya huce. Haka muka yi Laraba da rabin Alhamis, injin na tari muna lallashinsa. Amalanke biyu ne kawai suka yi tsami, aka ba ɓaunar da muke kiwo.

Abin da ya faru a birnin Peshawar, inda suka je sayen sabon, Naimat ne ya ba mu labari, yana yi yana share hawayen dariya. Sun isa wani shagon giyabos da safe. Mai shagon ya nuna musu wani mai sabon fenti shuɗi, ya fara yabonsa. Ustad bai saurare shi ba, ya yi alama da alli a kan sandar fita, ya riƙa juya ta shiga da hannu yana ƙirgawa har alamar ta dawo inda take. Talatin cif, daidai da namu. Sai ya fito da sifana zai kwance murfi. Mai shago ya ce a'a, in an buɗe babu garanti. Ustad ya ce babu laifi, a kawo masa shayi ya yi tunani. Ya zauna a kan akwatin, a tsakiyar ƙofar shago, ya sha buta ɗaya, ya sha ta biyu, duk wanda ya shigo sayayya sai ya tambaye shi ko shi ma an hana shi ganin cikin abin da zai saya. A buta ta uku mai shago ya ɗauko sifana da kansa.

Na farko, Ustad ya zura hannu ƙasansa ya fito da yashi a yatsa, ragowar wurin zubi da ba a wanke ba. Na biyu, ya kwaɓa bular wanki da ɗan mai ya shafa wa haƙoran, ya juya, sai ga shi gefe ɗaya kawai suke cizo. Na uku ne bular ta kwanta a tsakiyar kowane haƙori. Ya ce a ɗaure wannan. Mai shagon, da ya gama huci, ya raka su har bakin mota yana tambayar ko Ustad zai karɓi aikin duba masa kaya duk wanda aka kawo. Ustad ya ce shayinsu ya cika ruwa.

A hanyar fita gari ya sa aka tsaya a shagon masu fanka. Naimat ya ce Ustad ya daɗe yana kallon wata fara mai tsayi, har ya sa aka kunna masa. Daga ƙarshe ya sayi ɗan abin nan mai kamar batir da ke tayar da fanka, ya sa a aljihu suka taho.

Ranar Alhamis da la'asar aka sauke sabon a kan dakalin tsohon, sai aka ga matsala. Ya fi tsohon gajarta da yatsa biyu, ramukan ƙafafunsa kuma ba su hau kan kusoshin ba. Naimat ya dafe kai. Ni kuwa da na dubi Lala, tun ranar Talata ban ga fuskarsa ta saki haka ba. Ya naɗe hannun riga yana cewa ai ya san za a rina, kamfani bai taɓa yin abu ya gama ba. Ya auna, ya yanko farantin ƙarfe mai kauri, ya huda. Washegari tun da safe yana kwance a ƙasa da zare da reza, yana daidaita sandar mota da ta giyabos, ya ɗaga nan da ɗan siririn gwangwani, ya sauke can. Sai da aka kira sallar Juma'a ya tashi ya ce ya yi.

Bayan an sauko aka kunna. Na ɗauka wutar ce ba ta zo ba, sai da na ga ƙarafan suna juyawa, ruwan rake na kwarara cikin magudana. Ɗan wani huci kawai yake yi. Mu da muka saba magana da ihu muka ci gaba da yi wa juna ihu, har Naimat ya tambaye mu ko faɗa muke. Ustad ya ɗora hannunsa a kan akwatin ya daɗe, sannan ya ce a canza masa mai bayan sati biyu, kuma ba laifi.

A cikin shirun nan ne muka gano wani abu. Gulab, dattijon da ke cusa rake a bakin injin, ashe waƙa yake yi. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a wurin nan, muna ganin bakinsa na motsi, duk mun ɗauka tasbihi yake. Ashe waƙoƙin soyayya ne, da wata murya kamar ƙofar da ba ta sha mai ba, kuma shi kansa bai lura an fara jinsa ba. Muka bar shi ya kai ƙarshen baiti. Lala ne ya fara fashewa da dariya har tabaransa suka faɗi.

Kaskon farko da ya nuna, na zuba masa gyaɗa da ɗan citta, na dunƙula da zafinsa, aka raba wa duk wanda ke wurin. Na ware dunƙule goma na ɗaure a ƙyalle na ce Lala ya kai wa yayata. Ya rataya a kan keke, ya ce mazarƙwailar ta ɗan wuce wuta, ya tafi yana cin ɗaya a hanya.

Mun gama matsa a wannan shekarar kwana huɗu kafin rumfar da ke maƙwabtaka da mu. Gulab kuwa ya yi kwana biyu bakinsa a rufe don kunya, a na uku ya ci gaba, kuma yanzu har amshi muke yi masa.