Fasinja Biyar

Ni dama ban iya zama wuri ɗaya ba. Da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu aka mayar da mu sabon matsuguni, 'yan'uwana suka kama noman rani, ni kuwa na kwashi diyyata na sayi tsohuwar mota Fijo. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi, shi ya tofa mata addu'a ranar da na kawo ta, yana shafa bayanta kamar mai taya saniya.

Na fi shekara ina jigila tsakanin Tudun Wada, Kiru da Bebeji, ranar kasuwa har Doguwa. A lokacin mota ba ta cika. In ka hango ɗan garinku a hanya, balle babba, tsayawa kake yi, a matsa, wani ya hau cinyar wani. Na taɓa ɗaukar mutum tara da akuya, ba wanda ya yi ƙorafi sai akuyar.

Sai gwamnatin jiha ta fito da doka. Duk motar haya sai an yi mata fenti irin na haya, a rubuta mata lamba a ƙofa, direba ya karɓi lasin na haya, ban da na tuƙi. Wanda ba shi da shi, a kama motar. A ƙarƙashin lambar kuma aka rubuta mana: fasinja biyar. Motar nan ita ce gonata, ba ni da wata, don haka hankalina ya tashi. Sau uku ina zuwa Kano. Yau a ce hotona ya yi duhu, gobe a ce mai sa hannu ya tafi salla, in wuni ina zagaye ofis ina karkaɗa makulli har masinja ya ce ina sa shi jiri.

A ƙarshe aka ce mai duba motoci zai bi ni ya ga tuƙina. Ya shiga gaba a Kwanar Dangora, wani siriri mai gajeren wando da biro a bayan kunne. Da shi da fasinjoji huɗu, mun cika cif. Ya ce:

"Malam, ka ɗora ko da jariri a kan wannan, takardarka ta mutu."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Muna tafe ina gumi, ido ɗaya a titi, ɗaya a biro. Mun kusa Bebeji na hango wani dattijo a gefen hanya da kwandon busasshen kifi a ka. Tun kafin in ga fuskar na gane tafiyar, don Kawu yana ɗan jan ƙafar hagu. Shi ma ya gane kukan motar. Ya sauke kwandon, ya ɗaga hannu, yana murmushi.

Ƙafata ta je kan birki ta dawo. Na san in na tsaya, bakina ba zai iya ce wa Kawu babu wuri ba. Sai na kafe ido a gaba, na taka mai. A madubi na ga hannun yana nan a sama, bai sauke ba.

A tashar Bebeji mai duba motoci ya zaro biro ya sa hannu. Yana miƙo min takardar ya ce:

"Dattijon nan na hanya, ka san shi?"

"Kawuna ne."

Ya dube ni ya ce, "Ai ɗauka dokar ta hana, malam. Ba ta hana gaisuwa ba."

Na ji kamar ya watsa min ruwan zafi. Har yau ina jin haushin mutumin nan, don gaskiya ya faɗa. Na sauke fasinjoji na juya a guje, amma Kawu ya riga ya hau wata akori-kura.

Da la'asar na je na durƙusa a zaurensa, lasin a aljihu. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"An samu takardar?"

"An samu, Kawu."

"To madalla. Allah ya tsare hanya. Ai na ƙirga ku, kun cika."

Har kifi ya ba ni in kai wa iyali. Na shekara goma sha ina bin hanyar nan bayan haka, sau da yawa da kujerar gaba ba kowa. Nakan tsaya in roƙe shi ya shiga, ya ce ƙafa yake son miƙewa. Wani lokaci kuwa, da ya jiyo kukan Fijo, sai ya ratse cikin dawa ya tsaya yana duba zangarniyar gonar da ba tasa ba, har in wuce.