Zanzaron Babana

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma sunan kakana aka sa mini. Abu biyun nan suka haɗu suka rufe bakin mahaifina a kaina. Har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa jin ya kira sunana ba. Ina tsaye a gabansa a soro, sai ya dubi duk wanda ke kusa ya ce, "A faɗa wa wancan ya shigar da buhun nan cikin gida." A Mandawari wannan ba abin mamaki ba ne, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Amma sanin al'ada bai hana ni jin ciwo ba. Ina ganin ƙannena suna hira da shi har da dariya, ni kuwa sai gaisuwa a tsugune, ya amsa yana kallon bango.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma yana da wani abu da unguwa ba ta gane kansa ba: duk Asabar yana zuwa wasan golf. Wani Bature da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya koya masa tun yana saurayi. Maƙwabta dai suna ganin ya fito da babbar riga, an sa doguwar jaka a bayan tsohuwar Fijo ɗinsa, sai su ce Alhaji ya tafi motsa jiki. Ba wanda ya taɓa bin sa ya ga irin motsin.

A shekarar da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, kulob ɗin su Baba ya kusa zama kufai. Hafsoshin da ke cika shi wasu an yi musu ritaya, wasu an ɗauke su daga Kano. Waɗanda suka rage tsofaffi ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sai kyaftin ɗin kulob, wani likita mai furfura, ya ce kowane mamba ya kawo matashi ɗaya, in ba haka ba ciyawa za ta cinye filin. Saƙon ya iso ni ta bakin goggona, yayar Baba, wadda ita ta raine ni. Ta ce, "Ubanka ya ce a tambaye ka ko za ka iya tuƙa shi ran Asabar. Wai idonsa ya fara gajiya da titi."

Muka fita da sassafe, yana gefena. Da muka wuce Ƙofar Nassarawa, sai ya ɗaga yatsa ya nuna wata darbejiya kusa da rumfar mai faci. Na tsaya. Baba ya fita, ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya cire hula ya sa hana-salla. Ashe a ciki riga mai kwala ce da wandon Turawa. Ya tura rigar cikin wando ya ja bel. Babana da zanzaro! Na ƙura wa sitiyari ido kamar yau na fara ganinsa, kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi. Ya ajiye wata leda a kan kujera ya ce wa iska, "Akwai ta wani a ciki. Dokar wurin ce."

Haka na yi nawa zanzaron ina harare-harare, kada wani ɗan unguwa ya gifta a kan babur.

Abin da ya faru a filin ban shirya masa ba. Na riƙe sandar buga ƙwallon kamar zan sare itace, sai na ji murya a kafaɗata: "Ba haka ake riƙewa ba. Kawo hannunka." Na waiga ina neman da wa yake. Da ni yake. Ya kama yatsuna ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan sandar. Ban tuna ranar da hannunsa ya taɓa nawa kafin wannan ba. A rami na huɗu wani dattijo ya bugo ƙwallo ta nufo kaina, sai Baba ya ƙwala kiran sunana, cikakke, ya ce in sunkuya. Na sunkuya, ƙwallon ta wuce, amma na daɗe ban miƙe ba don kada ya ga fuskata.

Daga ranar Asabar ta zama tawa. Awa huɗu muna tafiya daga rami zuwa rami, muna share yashin da aka kwaɓa da baƙin mai a bakin kowane rami, yana magana. Ya ba ni labarin kakana da yadda yake da zafin rai, ya ce a nan na gado nawa. Ya yi mini dariya in na tono ƙasa na bar ƙwallo a zaune. Wata rana ya nuna wata tsamiya ya ce, "Ranar da aka haife ka nan na zo. Sau biyu na zagaye filin nan, don a gida babu inda zan yi murmushi ba a gan ni ba." In mun dawo kuwa, a gindin darbejiyar nan babbar riga za ta koma jikinsa, bakinsa ya koma yadda na san shi. Kafin mu shiga ƙofa na sake zama wancan. Ban damu ba, na san wata Asabar tana zuwa.

Da na yi shiru da bakina, da shi ke nan. Amma daɗin wasan ya sa na gayyato abokaina biyu daga unguwa. Ɗaya ya zo da kaftani, ɗaya da jesin ƙwallon ƙafa da jins. Mai gadi ya tare su a bakin ƙofa ya nuna musu allon doka: riga mai kwala, a cikin wando, ban da jins, ban da kayan gida. Mai kaftanin ya ce, "To ni da aurena da 'ya'yana zan yi zanzaro kamar ɗan firamare? Allah ya ba ku lafiya." Suka hau babur ɗinsu suka tafi, ni kuma raina ya ɓaci. Ana kukan babu matasa, ga matasa sun zo an kore su saboda kwala.

Lokacin kowa a gari ya koyi cewa a kaɗa ƙuri'a. Ko a majalisar mai shayi sai ka ji ana maganar masu rinjaye. Ni ma na rubuta takarda na kai wa kyaftin, na nemi a sassauta dokar sutura. Aka kira taro a barandar kulob.

An yi musu sosai. Wani ya ce hannun kaftani zai kama sanda, na ce ai akwai mai gajeren hannu. Wani ya ce in aka buɗe ƙofa gobe da silifas za a zo, na ce a hana silifas mana. Likitan ya ce shi abin da ya dame shi kada ya mutu ya bar filin ga masu yanka filoti. Sannan Baba ya miƙe. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Kowane wuri da kayansa. Mutum in ya sa kayan nan, ya ajiye wasu abubuwa a waje. Ni dai ina roƙo a bar mana shi yadda yake." Da ya ce a bar mana, ni ya kalla. Na gani, amma ban gane ba. Zafin ran kakana ya taso mini, na ce, "Turawa sun tafi, sojoji sun tafi, mu ne muka rage muna gadin kwalar riga?" Aka kwashe da dariya. Baba ya zauna a hankali. Aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye da ƙyar. An yarda da kaftani mai gajeren hannu da jesi, jins ne kawai bai tsallake ba.

Matasa suka zo, wannan kam ban yi kuskure ba. Abokaina biyu suka dawo, suka jawo wasu daga Mandawari, wasu har daga Kabuga. Filin ya cika da hayaniya, likita yana ta washe baki. Amma duk wanda ya iso, kafin ya taɓa sanda sai ya nemi Baba ya tsuguna: "Baba, ina kwana. An tashi lafiya?" 'Ya'yan maƙwabtansa ne, wasu shi ya yi musu waliyyi.

Asabar ta farko bayan ƙuri'a, da muka wuce ƙofa na rage gudu a wajen darbejiya, sai ya yi mini alama da hannu in wuce. Da kaftani da hula ya shiga filin. Na ɗauka goyon bayana yake yi, har na ji daɗi. A rami na biyu na karkace ƙafa, sai na ji ya ce wa abokina, "A faɗa wa wancan ya gyara tsayuwarsa." Muka gama zagayen bai ƙara cewa komai ba. Sati na biyu haka, na uku haka. A na biyar ya aiko cewa gwiwarsa na ciwo, in tafi ni kaɗai.

Na je ɗakin goggo ina ta faɗa, na ce fushi yake don na kayar da shi a gaban mutane. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai dai da iliminka wawa ne. Wane fushi? Shekara nawa yana neman inda zai yi maka magana, ya samu wuri guda a bayan ganuwa, kai kuma ka kwashi unguwa gaba ɗaya ka kai masa. So kake ya tsaya da riga a cikin wando a gaban 'ya'yan Liman, yana kiran sunan ubansa?" Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Kwana biyu ina juya maganar. Dokar dai ba zan nemi a dawo da ita ba, filin ya rayu, kuma har yau ina ganin an yi daidai. Amma na ji haushin kaina ƙwarai, na kuma ji tsoron cewa na rufe bakin nan har abada. Sai na koma wajen goggo na ce, "A faɗa wa Baba ran Talata da safe babu kowa a filin. Kuma akwai mota." Ta dube ni ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce za ta isar.

Ba a kawo mini amsa ba. Duk da haka na nemi izini a wurin aiki, ran Talata bayan asuba na wanke Fijo na tayar da ita na zauna a ciki a ƙofar gida. Masu koko suka wuce, 'yan makaranta suka wuce. Har na fara tunanin kashe injin, sai ga shi ya fito da babbar riga, jakar sanduna a kafaɗa. Ya shiga ya zauna yana kallon gaba.

Da muka fita Ƙofar Nassarawa ban jira yatsansa ba, na gangara gindin darbejiya na tsaya. Na fita na cire kaftanina, ga rigar nan mai kwala da ya ba ni a leda tana jikina. A bakin titi, motoci na wucewa, mai faci yana kallona, na tura ta cikin wando na ja bel. Baba bai motsa ba. Na tsaya a rana kamar wanda aka ba horo a makaranta, ban san abin da zan yi ba in ya ƙi fitowa.

Can sai na ji ƙofar mota ta buɗe. Ya tuɓe babbar rigar ya ninke ta a kan kujera, tasa mai kwalar tana ciki, an goge ta. Ya gama ɗaura bel, ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya kira sunana.

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Gefen hagu ya fito. Gyara mu tafi, rana na yi."