Farcen da Kaka Ta Ara

Shekaranjiya na sauke wata mata a wani lungu cikin Talata Mafara, ina juya babur sai warin kwaɓaɓɓen lalle ya fito daga wani gida ya bugi hancina. Ka san irin warin, na ɗanyen ganye da aka jiƙa ya tsima. Na kashe babur na tsaya kamar wanda ya manta hanya. Ni namiji ne, yau har da furfura a gemu, amma na taɓa yin damina guda cur da lalle a hannu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da nake jin kunyarsa daban ne, zan zo kansa.

Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, mahaifiyar babana, a wani ɗan ƙauye gefen Faru. Iyayena suna Bakura, inda babana ke noman rani. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana, in ta zo gaishe da Kaka sai ta kau da kai daga inda nake. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a wajenmu yabon mace ake yi in ta riƙe ta da kyau. Sai dai ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ɗan shekara shida ya bayyana masa haka.

Ban san ranar da na fara cin farce ba. Na dai san ban iya zama hannuna bai tafi baki ba. Ina ci har in kai ga nama, in bar nan in koma fatar gefe, sai na ji gishirin jini a harshe sannan in dakata. Matan gida sun shafa mini ruwan maɗaci, na saba da ɗacinsa. Sun shafa shuwaka, na lashe. A bazarar wannan shekara yatsana na tsakiya ya kumbura ya tara ruwa, sai da aka kira wanzami ya tsaga. Tabon yana nan har yau.

Ana cikin jinyar ne Baffa, yayan babana, ya zo daga Maradun. Mutum ne mai tsare gida, ko 'ya'yansa masu gemu ba sa dariya a gabansa. Ya kama hannuna ya juya, ya ce wa Kaka ita ce ke sangarta ni. Ya ce ya ba ta zuwa girbi. In ya dawo ya tarar ban bari ba, zai tafi da ni gidansa, a ɗaure hannuwan da tsumma da barkono har sai na yi hankali. Ina tsaye ina ji. A duniya ba ni da kowa da ke kallon idona ya yi mini magana sai Kaka, ga shi ana shirin raba ni da ita. Kafin Baffa ya kai bakin zaure na riga na sa yatsa a baki.

Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙoranta ja wur da goro, farar yana ta fara rufe idonta ɗaya. Ba ta sa takalmi sai za ta biki. Tana da 'yar gayauna bayan gari inda take shuka gyaɗa da kuɓewa, kuma ba ta yarda kowa ya nome mata. Maigida take kirana, kamar yadda kakanni ke wasa da jikoki, kuma da akaifa take kiran farce, yadda muke faɗa a can.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ta kira ni gindin durumin tsakar gida. Ga ɗan kasko a gabanta da lalle a kwaɓe.

"Maigida, taho nan. Wane irin miji na wanga? Mazan mutane na kawo wa matansu nama daga kasuwa, nawa shi zamna shina cin hannunshi, ko tayi babu."

Na ɓoye hannu a baya. Ta yi dariya ta jawo ni.

"Ba hana ka za ni yi ba. Aro nika so. Ara min akaifa guda, wagga babba. Sauran tara naka na, ka ci abinka, in ka ƙoshi ka sha ruwa."

Na tambaye ta me za ta yi da ita. Sai ta miƙo ƙafa ta nuna mini tafinta. Duk ƙananan ƙayoyin ƙarangiya ne sun shige cikin kaushi. Ta ce idonta ba ya ganinsu, yatsunta sun yi kauri ba sa kama su, allura kuma tsoronta take. Ba ƙarya ta yi ba, na sha ganin tana ɗingishi in ta dawo daga gona. Ta ɗora lalle a kan ɗan guntun farcen babban yatsana na dama, ta naɗe da ganye, ta ɗaure da zare. Ta ce, "Duk wadda ka gani ja, tawa ta. Amana na ba ka."

Yara sun yi mini ba'a a dandali, suna ta kirana amarya. Na zo ina kuka, ta ce in gaya musu ango ne, su ne ba su da mata. Abin mamaki, mai karatu, duk lokacin da hannuna ya tashi zuwa baki, sai jan nan ya faɗa idona, in sauya yatsa. Tunda ba a hana ni sauran ba, ban ji an ƙwace mini komai ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A lokacin na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: farce yana tafiya. Jan lallen yana hawa sama a hankali, wani ɗan fari yana biyo shi daga ƙasa. Kowace Juma'a Kaka za ta kawo yatsan dab da idonta mai gani, ta aza ƙwayar gero a kan farin don ta auna, ta ce, "Gonata na yi." Da farin ya wuce ƙwaya biyu ta ce ƙaya ba ta fita da akaifa guda, sai da abokiyar kamawa. Ta ari manuni. Ranar da na fara zaro mata ƙaya, ta ɗaga ta sama a tafin hannu ta zagaya ɗakunan matan gida tana nunawa, kamar na kashe kura. Ta ba ni ƙuli-ƙuli biyu tukuici. Kafin gero ya kai gwiwa, yatsuna huɗu sun zama nata.

Daga nan ne na ci amana. Tsakiyar damina mahaifiyata ta zo da goyon ƙanwata. Na ruga bakin zaure na tsaya inda dole ta wuce, na ɗan ɗaga hannun dama don jan ya fito. Ta gaishe da kowa, ta tambayi lafiyar kowa, har akuyar Kaka ta tambaya ko ta haihu. Ni ta wuce ni kamar turmi. Na zagaya bayan rumbu na zauna, na cinye su duka goma, har na Kaka, har jini.

Da Kaka ta gani na ce dutsen niƙa ne ya danne mini hannu. Ta juya yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe dutsen namu ya yi haƙora." Washegari da la'asar ta dawo daga gona tana ɗingishi, ta zauna gindin durumi, ba ta kira ni ba. Ina kallo ta naɗo ƙafar da ƙyar zuwa fuskarta, tana lalube da yatsunta masu kauri, tana kamawa yana suɓucewa. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na je na durƙusa na ce ba dutse ba ne, ni ne.

Ba ta tambaye ni dalili ba. Cewa ta yi, "Yaushe?" Na ce jiya, bayan baƙi sun shigo. Ta juya ta ƙura wa ƙofar ɗakin da aka sauki mahaifiyata ido.

Da safen ranar da mahaifiyata za ta koma, Kaka ta kwance bakin zanenta ta fito da sabuwar reza, ta kira ta. Ta ce mijinta, wato ni, yana son gyaran akaifa, ita kuwa idonta ya ƙi. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, da mutane fa."

"Ban ce ki kira sunanshi ba. Ban ce ki yi mai magana ba. Reza ba ta son baki. Kama hannun."

Ta kama. Ka tuna babu abin yankewa, na riga na cinye. Amma ta bi yatsun nan ɗaya-ɗaya tana gyara ɓaragurbin gefe, tana share busasshen jini da bakin gyalenta, ta daɗe ƙwarai fiye da yadda aikin ke buƙata. Hannunta yana warin hayaƙi da man shanu. Da ta iso tabon wanzami ta tsaya, ta shafa shi da babban yatsanta sau biyu. Wani ɗigo mai ɗumi ya faɗo mini a wuyan hannu. Ta juya ta ce wa Kaka itacen yau ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa. Kaka ta ce ƙwarai kuwa, alhali ba a ko hura wuta ba.

Bayan ta tafi Kaka ta ce mini daga yau wannan aikin na mahaifiyata ne duk zuwan da za ta yi. "Sai ka tara mata abin yanka, kar ta taso tun daga Bakura a banza." Ta sake kwaɓa lalle muka faro daga yatsa guda. A sauran daminar nan Kaka ta yi ciwon baya har sau uku, kowane sai ta aika a turo mata surukarta. Sai da na girma na gane ciwon ba ya hana ta zuwa gona.

An yanke gero, an tuge gyaɗa, Baffa ya dawo kamar yadda ya ce. Ya kama hannuna a tsakar gida. Takwas sun fito sumul, ƙananan biyu na ƙarshe kuwa har lokacin ina ɗan taɓa su. Ya ce magana a kan duka aka yi, ba takwas ba. Kaka ta furzar da goro gefe.

"Kai kanka sai da ka shekara bakwai kana tsotson yatsa, ni na goye ka na sani. Wa ya ɗaure ka?"

Matan gida suka shige ɗaki suna toshe baki. Baffa ya gyara hula, ya sha furar da aka kawo masa, ya yi sallama. Ni kuma na ci gaba da zama a gidan Kaka har ta aurar da ni. Ban san ranar da na bar sauran biyun ba, ba wanda ya sake dubawa.

To ga abin kunyar. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙanta. Da zaman ƙauye ya gagara na kwaso iyalina muka dawo Talata Mafara, muka kama ɗaki biyu, na shiga kabu-kabu. Ina da 'ya 'yar shekara biyar, autarmu. Watannin baya na lura tana cin farce. Ni da aka yi wa duk abin da na ba ka labari, na buge hannun. Na sake bugewa. Wata rana na dawo da azahar a gajiye na gan ta tana ci, na ɗebo dakakken barkono na goga mata a yatsu. Ba a jima ba ta murza ido da su. Ihun da ta yi har maƙwabta suka shigo. Uwarta ta yi ta wanke idon da ruwa, Allah ya taimaka bai sami lahani ba.

Da komai ya lafa, uwarta ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Tun satin da muka baro gida ta fara. Ka taɓa tambaya?"

Ban taɓa ba. Kaka ba ta san ko bihim ba, ido ɗaya gare ta, amma tambayar farko da ta yi ita ce yaushe. Ni na gama firamare, ina da waya a aljihu, idona biyu garau, sai na zama Baffa. Na yi ta ba kaina uzuri cewa zamani ne: su suna da tsakar gida da inuwa da damina guda ta jira, mu kuwa muna fita da asuba, muna son komai ya gyaru kafin mu ajiye makulli. Akwai gaskiya a ciki, amma ba zamani ne ya ɗebo barkono ba.

Yanzu da ta ji ƙarar babur ɗina sai ta mai da hannuwa baya ta jingina da bango. Na roƙe ta gafara, ta dube ni kawai, yaro bai san me zai yi da irin wannan magana ba. Don haka na rage fita da la'asar. Ina shimfiɗa tabarma in zauna kusa da inda take wasa, ina tambayarta abin da take tunawa a gidanmu na ƙauye, wani lokaci ta amsa, wani lokaci ta ci gaba da wasanta. Jiya tana ba ni labarin wata kaza tata da muka baro, sai ta manta ta ɗora hannu ɗaya a gwiwata. Ɗayan yana baya. Ban dubi faratan ba, ban motsa ba, na ce ta ci gaba, wace kala ce kazar.