Jirgin da Ban Hau Ba

Mahaifina direba ne. Tun kafin a haife ni ya yi shekaru yana tuƙa wani injiniya ɗan Italiya da ya zo aikin hanya a ƙasarmu, kuma a hannun wannan Bature ya koyi kwance inji da ɗaura shi. Da aiki ya ƙare, Baturen ya koma gida, Baba ya dawo Kurfi ya buɗe gareji. Da wannan sana'a ya ciyar da mu, ya yi mini karatu har na zama malami a Dutsin-Ma. Ban taɓa jin ya kama sunan mutumin ba, Maigida kawai yake cewa. Sun daɗe suna wasiƙa, daga baya suka koma waya, sau ɗaya ko biyu a shekara.

Da aka zaɓe ni zuwa Italiya kwas ɗin mako biyu kan noman rani, na je Kurfi ranar kasuwa in yi masa sallama. Na same shi kan benci a bakin gareji. Ya miƙo mini hula ƙube a cikin leda.

"Ka kai wa Maigida," in ji shi. "Kuma ka duba mini shi da kyau. A waya kowa lafiya lau yake cewa."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Maigidan nasa yana zaune a wani tsibiri tare da 'yarsa. Ita ta rubuto mini kwatance: in hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku, daga can jirgin fito zai tsallakar da ni cikin awa ɗaya. Rana ɗaya tak nake da ita, ta ƙarshe, domin washegari da safe za mu tashi zuwa gida.

Na sauka garin wajen tara da rabi. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Gidaje ne ja da rawaya, an jera su a jikin dutse wani bisa wani, lunguna matsattsu, an shanya tufafi daga taga zuwa taga. Na gangara tasha, ga babban jirgi nan bakinsa a buɗe, motoci suna shiga cikinsa. A allo na ga an rubuta ƙarfe goma, ƙarfe biyu, ƙarfe biyar.

Sai na kalli ruwan. Ni dai ruwan da na sani shi ne na dam ɗin Zobe, wanda kana tsaye kana hango ɗaya gefen. Wannan ba shi da iyaka, yana dukan katangar tashar yana fantsamo mini a takalmi. Na ja da baya. Na ce wa kaina bari in ci abinci tukuna, in ɗan zaga gari, in hau na ƙarfe biyu. Na ɗauka kamar tashar mota ce, in wannan ta tashi wata na lodi.

Matar da ke sayar da tikiti, wata dattijuwa mai tabarau, ta girgiza kai. Ta nuna mini babban jirgin, ta nuna sama, ta kaɗa hannu alamar iska. Cikin ɗan Turancin da take ji ta ce, "Yanzu ya fi." Na gane ta sarai. Na yi murmushi, na ce na ƙarfe biyu nake so.

Na ci soyayyen kifi da burodi a wani shago. Na saya wa matata jaka. Na hau matattakala har can ƙolin gari, na yi ta ɗaukar hoto. Daga can na hango jirgin ƙarfe goma yana ƙanƙancewa a cikin ruwa, har na ɗauke shi hoto shi ma.

Lokacin da na dawo, iska ta tashi, an ja sarƙa a ƙofar shiga. Ashe na ƙarfe biyu ƙarami ne, ba ya fita in teku ta yi fushi, na biyar kuwa sai lokacin zafi yake aiki. Dattijuwar ta mayar mini da kuɗina.

Na kira lambar 'yar. Ta ce suna tashar tsibirin tun sha ɗaya, mahaifinta ya ƙi zama a gida. Sai ta ba shi wayar.

"Ɗan direbana!" in ji wata murya mai rawa, da Hausa. "Kana ina? Na dafa maka shinkafa. Babu alade, kada ka ji tsoro."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jirgi bai tashi ba."

"Na safe ya zo. Na duba kowa da kowa, babu baƙin mutum."

Ina jin iska a wayarsa irin wadda ke kaɗa ni.

"To, ba komai," ya ce. "Ka ce wa babanka har yanzu ina shan shayi da citta."

Na zauna a bencin tasha har la'asar, ko iskar za ta lafa. Ba ta lafa ba. Na rubuta lambar 'yar a jikin ledar hular, na roƙi dattijuwar ta ba ma'aikatan jirgin safe. Ta karɓa, ta sa a ƙarƙashin teburinta.

Hular ta isa inda za ta tun kafin in isa gida. Ina saukowa mota a Dutsin-Ma wani hoto ya shigo wayata daga 'yar: tsoho siriri a kan kujera, ya kifa ta har kunne. A hanyar Kurfi na yi ta saƙa yadda zan ce na gan shi, tunda ga hoto. Amma da Baba ya riƙe wayar ya kawo ta kusa da idonsa, ya tambaye ni, "Yana tafiya da ƙafarsa, ko sai an riƙe shi?" sai na kasa yi masa ƙarya.

Na gaya masa komai, har da kifin da jakar.

Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ruwan ne ya ba ka tsoro?"

Na ce, "E, Baba."

"Da ka faɗa wa matar. Da ta samo wanda zai zauna kusa da kai."

Tun daga nan sau biyu ina neman wani kwas ɗin, ban dace ba. Kunnen Maigida ya yi nauyi, ba ya iya waya yanzu, sai dai 'yarsa ta rubuto saƙo jefi-jefi. Duk wanda ya shigo, nakan tafi Kurfi bayan an tashi daga makaranta in fassara wa Baba. Yakan sa in maimaita sau biyu, sannan ya faɗi amsa, ni kuma in rubuta.